Karen Inna Hajo a Cikin Turmi

Duk shekara ana turo mini yara daga Yamai su zo su ga aikin likitan dabbobi da idonsu, ko da yake na daɗe da barin aikin gwamnati, abin da ya rage mini ɗan shagon magani ne a bakin kasuwar Filingue. Suna zuwa da farar riga da waya a hannu, kuma ra'ayinsu ɗaya ne: aikin nan allura ce, ka kama dabba, ka soka, ka wanke hannu. Ba na musu da su. Nakan jira ranar da za a kawo mana kare a kan amalanke, ƙafafunsa sun zube kamar tsumma, amma idonsa biyu yana kallon kowa. Ranar ce waya take komawa aljihu, ni kuma in ba su labarin karen Inna Hajo. Ku ma tunda kun zauna za ku ji shi, amma sai na fara da wanda ya koya mini aikin.

Sunansa Alzuma, Bazabarme ne, shi na tarar a ma'aikatar kiwo ta Filingue lokacin da aka turo ni, a zamanin soja. Kayan aikinmu gaba ɗaya akwatin ƙarfe guda suke shiga: sirinji na gilashi da ake dafawa a tukunya, allurai da muke wasawa a dutse in sun dakushe, ma'aunin zafi, awartaki, almakashi, da tsummokin ɗaure bakin kare. Akwai kuma cokalin shayin Alzuma, da shi yake ƙwanƙwasa gwiwar dabba ya ga ko ƙafa za ta harba. In ya gama ya goge shi a riga ya koma motsa shayinsa. Shanu da raƙuma da tumaki da awaki su ne aikin da gwamnati ta sani. Kare kuwa hanya ɗaya gwamnati take kula da shi, zan zo kanta.

Wata rana mota ta take wani kare a hanyar Baleyara, Alzuma ya sa na ɗauko shi. Ya tsaga cinyar, ya ɗago wani farin zare da bakin almakashi. Ya ce mu Hausawa komai jijiya ne a wurinmu, to wannan jijiyar ba jini take ɗauka ba, umarni take ɗauka. Daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, ya bi ta lakar gadon baya, ya bi farin zaren nan har tsoka. Amma zaren bai taɓa tsokar ba, akwai 'yar rata tsakaninsu da ido ba ya gani. In umarni ya iso ƙarshen zare, sai zaren ya tofa wani ɗan sinadari ya ƙetare ratar, tsoka ta karɓa ta tsuke. Nan take wani sinadarin ya share na farkon, tsoka ta saki, ta jira na gaba.

Na ce ban gane ba. Sai ya nuna mini ƙetaren hanya, inda biro, wato ofishin kumandan mai mulkin gari, yake. Ya ce umarni yakan taso daga Yamai ta waya ya sauka can, amma wayar ba ta iso namu biron ba. Falanto, wato ɗan aiken kumandan, shi ke ƙetaro hanya da ƙafa ya faɗa mana. Ranar da falanto ya tafi suna, Yamai lafiya lau, waya lafiya lau, mu ma lafiya lau muna zaune, amma ba saniyar da za a yi wa allura. Ya ce dafin gamsheƙa ƙofarmu yake toshewa, falanto ya zo ya rasa ta inda zai shiga, shi ya sa wanda ta sara yake sakin jiki har numfashi ya gagare shi. Daga ranar ban sake mantawa ba, kuma na ƙara wa falanto gaisuwa.

Karen farko da na yi wa magani ni kaɗai na wani mahauci ne. Kaska ta dame shi, mahaucin ya ɗebi maganin wankan shanu, bai sirka ba, ya yi masa wanka, don a ganinsa abin da ya ishi bijimi ba zai gaza kare ba. Na tarar da karen yana karkarwa, miyau na zuba, ƙwayar ido ta tsuke kamar ƙwayar gero. Maganin nan, sinadarin nan mai sharewa yake kashewa, sai umarni ɗaya ya yi ta maimaita kansa, tsoka ba hutu. Na wanke shi da sabulu, na yi masa allurar atirofin, na jira, na sake yi, har miyau ya tsaya. Mahaucin ya yi godiya, sannan ya tambaye ni ko kaskar dai ta mutu. Na ce ta mutu.

Hanyar gwamnati da kare kuwa guba ce. In mahaukacin kare ya ciji wani, kumandan yakan ba da umarni, a ba mu nama da guba mu bi gari muna jefawa, gardi, wato dogarin gwamnati mai kaki, na biye da mu da bindiga saboda wanda ya ƙi ci. Ba na zagin umarnin. Na ga yadda haukar kare take kashe mutum, kuma ko maƙiyina ba na masa fatan ya gani. Amma a zamanin soja ba a tambayar wane kare. Saboda haka mutanen Kurfai, wato ƙasar Filingue, suka san ni iri biyu: in na zo da akwatin ƙarfe a kawo mini ruwa, in na zo da gardi a ɓoye karnuka a rumbu.

Sai shekarar fari ta zo. Damina ta yi ƙarya, hatsi ya bushe tun yana gwiwa, shanu suka riƙa faɗuwa a hanyar rijiya. Mushe ya yi yawa har ungulu ta fara zaɓe. Karnuka kaɗai suka yi ƙiba a shekarar, kuma ƙibar ce ta jawo musu. A cikin ruɓaɓɓen mushe akwai wata ƙwayar cuta da take haifar da dafi, shi kuma wannan dafin, falanto yake ɗaurewa: umarni ya iso ƙarshen zare, sinadari ya kasa fita. Karnuka suka fara zubewa, ƙafafun baya tukuna, sannan na gaba. A daidai lokacin wani mahaukacin kare na gaske ya ciji mutane a kasuwa, kumandan ya ce duk karen da aka ga yana jan ƙafa ko yana dalalar da miyau a harbe shi.

Da wannan umarnin muka isa wata tunga a hanyar Bonkuku, ni da wani gardi mai muƙamin kofur, Kafaran Sule, a moto ɗaya, wato babur. An kai ƙara cewa akwai mahaukacin kare a gidan wata tsohuwa, ita ce Inna Hajo. Mijinta maharbi ne, ya rasu ya bar mata kare. 'Ya'yanta maza sun tafi cin rani kurmi, ba labari. Garkenta fari ya cinye, sai 'yan awaki da ba su taka kara sun karya ba, amma su ne duk abin da ya hana ta bin mutanen tungar zuwa zangon masu gudun yunwa a Yamai. Dila kuwa a shekarar ya daina jin kunya, da rana tsaka yake zuwa bakin shinge. Karen nan, Bar-su sunansa, shi ne tsakanin dila da awakin.

Na same shi kwance a ƙarƙashin rumfa, dogon jan kare irin na Abzinawa. A cinyoyinsa akwai sabon lalas, ƙanen mijinta ya ƙona shi da ƙarfe kamar yadda ake yi wa sa in ya kasa tashi. Kusa da shi ga ƙwarya da ludayi.

Na ce, "Inna, mi kinka ba shi?"

"Ɗura ni ka yi mai, likita. Nono da ruwa. Ba shi iya sha da kainai."

"Ki bar ɗura."

"In bar shi ƙishirwa ta kashe shi?"

"In kinka ci gaba, ruwan za shi kashe shi."

Mutanenmu sun iya ɗura, da ita ake tashin maraƙi da ɗan akuya, kuma da ita aka kashe karnuka da yawa a shekarar nan, da kyakkyawar niyya. Maƙogwaro ma tsoka ce, umarni take jira. In ta saki, abin da ka ɗura wa kare yana kwance ba ciki yake tafiya ba, huhu yake sauka.

Kafaran Sule ya riga ya sauke bindiga daga kafaɗa. Na roƙe shi ya bari in duba. Na ɗaure bakin karen, na naɗe hannuna da tsumma. Kada ku ji labarin nan ku tafi kuna cusa hannu a bakin kowane kare mai miyau, haukar kare ma takan zo a kwance, ba cizo ba haushi, kuma ita ake fara zargi. Ma'auni bai nuna zazzaɓi ba. Na ƙwanƙwasa gwiwa da cokalin Alzuma, wanda ya ara mini da gargaɗi mai yawa, ƙafa ba ta harba ba. Na matsa yatsansa da awartaki, bai iya janye ƙafar ba, amma ya juyo da ido ya dube ni, irin duban da ko mutum ya yi maka ka gane. Wato labarin zafi yana hawa sama, umarni ne ba ya sauka. Sai na ce wa tsohuwar ta kira shi.

Ta ce, "Bar-su."

Wutsiya ta buga ƙasa.

Na ce wa kafaran ina zaton dafin mushe ne, ba hauka ba.

Ya ce, "Ni ba zato aka ba ni ba, likita. Harsashi aka ba ni."

Inna Hajo ba ta roƙe shi ba. Cewa ta yi, "Ɗiyana, in za ka halbe shi, halbi awakin ga tare, ka rage ma dila wahala. Ni kau in kama hanya."

Na ce masa akwai alƙalin da ba ya cin hanci, shi ne lokaci. Mahaukacin karen da ya kai ga kwanciya ba ya ganin kasuwa biyu, wato mako biyu. A ɗaure wannan, a hana kowa zuwa kusa, in hauka ce zai mutu da kansa, gwamnati ta tsira da harsashinta. Kafaran ya ce to, bayan kasuwa biyu zai dawo. In ya tarar da kare a tsaye, bai taɓa ganinsa ba. In ya tarar da shi kwance zai harbe shi, don ba zai koma wa kumandan da labarin wutsiya ba.

Da na koma Filingue na tambayi Alzuma wace allura ce. Ya ce babu. Akwai makarin dafin a ƙasar Turawa, amma sai an yi shi kafin dafin ya kama, mu kuwa ko ƙanƙarar ajiye rigakafin shanu da ƙyar muke samu. Ƙarshen zaren da dafin ya lalata zai gyaru da kansa, aikinmu mu hana karen mutuwa kafin ya gyaru. Ya ce da Zabarmanci, "Kala suru," wato sai haƙuri. Wannan shi ne maganin da ban taɓa ganin ɗalibi ya yi murna da shi ba.

Haƙurin kuwa aiki ne. A shimfiɗa masa yashi mai laushi da tsumma, a riƙa juya shi daga wannan gefe zuwa wancan kada fata ta ci. A matsa mararsa a hankali ya yi fitsari, don mafitsara ma ta daina jin umarni. A ɗiga masa dafaffen ruwa mai ɗan gishiri a ido, tunda ƙiftawa ta ragu. A miƙe ƙafafu a lanƙwasa. A wanke ƙunar lalas, wadda ba ta ƙara masa komai ba sai ƙuda. Na nuna wa Inna Hajo duk wannan, da yadda za ta naɗe hannu, ta ɗauka da gani ɗaya, mace ce da ta yi jinyar miji.

Saura ci. Na ce sai an zaunar da shi kai sama gindi ƙasa kamar mutum, a ba shi ƙananan loma, a bar shi a haka har abincin ya gangara da nauyinsa. Muka jingina shi da buhu, ya zame. Muka gwada kwando, kwandon ya kife da shi. Na riƙe shi a ƙirjina ya yiwu, amma ni ba kullum nake tungar ba, ita kuma ba ta da ƙarfin. Muna tsaye muna kallonsa sai ta zaga bayan ɗaki ta mirgino turminta, babban turmin ƙirya wanda ta zo da shi gidan aure.

Na ce, "Inna, turmi na."

Ta ce, "Na san turmi na. Mi ni ka dakawa cikinai bana?"

Muka cika gindin turmin da tsumma, muka zura karen ta baya, muka jingina shi da dirkar rumfa, ta ɗaure shi da tsohon zane ta ƙarƙashin hammata. Ya zauna daram, ƙafafun gaba a kan leɓen turmi, kamar mai jiran a kawo masa ƙara. Ta mulmula tuwon jar dawar taimako da ake rabawa a gari, ta tsoma a nonon akuya, ta miƙa masa a bakin ludayi. Ya haɗiye. Muka jira tari, bai zo ba. Na san rabon dawarta bai ishi mutum ɗaya ba, kuma ban tambaye ta yadda za a raba shi biyu ba.

Labari ya zaga tungar tun ban tada moto ba. Matan da suka rage suka ce hauka kam akwai ta a gidan, likita dai ya kuskure mai ita. Ƙanen mijinta ya ce turmin ya tashi aiki, ba mai sake cin abin da aka daka a ciki. Liman ya ce shi bai taɓa karanta hukuncin kare a turmi ba, amma ya san shayar da mai rai akwai lada, a dai wanke hannu. A kwanakin nan dila ya ɗauki ɗan akuya a bakin shinge, karen na kallo. Inna Hajo ta ce mini ya buɗe baki ya yi haushi, ba abin da ya fito sai iska.

Nakan biya duk lokacin da aikin ƙona mushe ya kai ni wajen. Kasuwa ta farko ta ci yana raye, ya ma fara ɗaga kai, na cire zargin hauka daga raina, ko da yake ban cire tsumma daga hannuna ba. Daga nan cokali ya fara samun amsa a gwiwa. Ya fara jan jiki da ƙafafun gaba har iyakar igiya. Amma tashi tsaye, a'a. Ita kuma Inna Hajo zanenta ya fara zagaya ta fiye da yadda na san shi.

Kasuwa ta biyu na watsewa kafaran ya zo biro ya same ni. Mutanen soja ba su da aibin manta alkawari. Muka tarar da karen kwance. Na ɗaga shi na saki, ya zube. Inna Hajo ta kira shi, wutsiya ta buga, ya yunƙura ya koma. Ta nuna masa loma daga nesa, wuya kawai ya miƙa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san kwana kaɗan ya rage masa ya tashi, kuma na san ba za a ba ni kwana kaɗan ɗin ba. Kafaran ya ce mu matsa. Tsohuwar ta kwance igiyar daga wuyan karen, ta ce ba za a kashe shi a ɗaure kamar ɓarawo ba, sannan ta juya baya.

Awakin suna bayan karen, daidai saitin bindiga. Kafaran Sule ba mugun mutum ba ne, bai so harsashi ya wuce ya sami akuya ba. Sai ya rataya bindigar, ya taka ya kama wata uwar akuya a ƙaho yana jan ta gefe. Akuyar ta yi kuka.

Ban ga yadda Bar-su ya tashi ba, tsohuwar nake kallo. Da na juyo, karen na tsaye, ƙafafu a warwatse suna rawa kamar na sabon maraƙi. Ya taka, ya sake takawa, ya shiga tsakanin kafaran da sauran awakin, ya ɗaga leɓe. Haushin da ya fito bai fi tarin tsoho ba, amma ba wanda ya yi shakkar da wa ake.

Kafaran ya saki ƙahon. Ya ce, "Likita, wannan a tsaye yake?"

Na ce, "Tsaye shi ke, kafaran."

"Mahaukacin kare kowa yake kai wa. Wannan ni ya zaɓa."

Inna Hajo ta ce, "Kai ka riƙe akuyatai."

"To hankalinsa ɗaya. Ban taɓa ganinsa ba."

Muna juya moto karen ya sake zubewa, amma kafaran gaba yake kallo. A duk zamanin soja karen nan kaɗai na gani a Kurfai ya nuna wa kaki haƙori ya kwana lafiya.

Yaran da ake turo mini sukan tambaye ni ko so ne ya tashe shi. Nakan ce musu zaren ne ya gyaru gwargwado, sai aka dace da umarnin da ya fi na tuwo ƙarfi. Da kafaran ya kama akuyar nan tun zuwanmu na farko, da karen kallonsa kawai zai yi. Abin da ya kai shi ranar shi ne juyi, da matsa mara, da loma a bakin ludayi, wato aikin da ba wanda yake zuwa daga Yamai don ya koya.

Soja suka tafi aka yi zaɓe, suka dawo, suka sake tafiya. Rigakafin kyauta ya ƙare, aka ce mu buɗe shago. Yanzu akwai magungunan da Alzuma ya rasu bai gani ba. Akwai karen da jikinsa da kansa yake lalata ƙofar tsoka, ya yi 'yar tafiya ya zauna, ya huta ya tashi, wannan ana samo masa ƙwaya daga Yamai da ke rage wa mai sharewa sauri. Amma har gobe in aka kawo mini kare a kwance nakan fara duba cinya saboda lalas, in tambayi wa ya yi ɗura, kuma har gobe ana samun mai sunkuyar da kai.

Inna Hajo ba ta je Yamai ba. Damina ta dawo, awaki suka hayayyafa, hatsi ya shigo, amma a gidan maƙwabta take daka. Bar-su ya warke sarai, maƙogwaronsa ya koma daidai, sai dai ya ƙi cin komai a ƙasa. In ya ji yunwa sai ya je ya haye turmi ya juya ya zauna, ƙafafu a kan leɓe, yana jira. Haka ya yi har bakinsa ya yi furfura.

Zuwana na ƙarshe tungar rigakafin awaki ne ya kai ni, garken ya cika shinge. Ban ga karen ba, ban kuma tambaya ba. Turmin na nan a ƙarƙashin rumfa, an kife shi. Na gaji, na ajiye akwati, na juya zan zauna a kansa. Inna Hajo, wadda a lokacin ido ya fara gaza mata, ta miƙo hannu ta riƙe mini riga.

Ta ce, "Ga tabarma, likita. Wurin ga da mai shi."

Na zauna a tabarma.